Darasi na 14: Ɗorawa Biyu

Karatu

Wata ranar Asabar da bazara, Inna ta kira Garba. Ta ba shi sefa 1000, ta ce, "Maza je ka kasuwa ka sayo mini ɗorawa. Ka zaɓi mai kyau, kada ka daɗe."

Garba ya ce, "To, Inna." Ya ruga kasuwa. Ya tarar da wata tsohuwa ta kasa garin ɗorawa a faifai. Ya gaishe ta, ya miƙa mata kuɗin duka. Ta cika masa ƙwarya. Ya dawo gida yana murna, yana ɗan lasa a hanya.

A gida kuwa Inna ta hura wuta, ta jajjaga tattasai da albasa, tana jira. Da ta ga ƙwaryar sai ta riƙe baki. Ta ce, "Garba, ina kifin?"

Garba ya ce, "Wane kifi, Inna? Ai ɗorawa kika ce."

Inna ta ce, "Ɗorawar ruwa nake nufi, irin wadda kawunka yake kamawa. Kuɗin cefanen ke nan, ba ni da wasu."

Garba ya koma da gudu. Tsohuwa ta ji tausayinsa, ta karɓi kayanta, ta mayar masa da kuɗinsa. Amma kafin ya isa wurin masu kifi, duk sun sayar sun tashi. Ran nan tuwo da miyar kuka aka ci, ba kifi.

Kaka ta ga Garba ya yi zugum. Ta yi dariya, ta ce, "Maigidana, saki ranka. Daddawar da ke cikin miyar nan, daga ina ta fito? Ai ko yau ɗorawa muka ci!"

Washegari Kawu ya tafi da Garba bakin kogin Binuwai. Ya ɗago wani kifi daga cikin kwalekwale, ya ce, "Dubi launinsa da kyau. Da me ya yi kama?"

Garba ya duba, ya ce, "Da garin ɗorawa, Kawu."

Kawu ya ce, "To, ka ga inda ya samo sunansa."

Mu ƙara sani

Ɗorawa ta farko itaciya ce babba mai inuwa. Da Faransanci ana ce mata néré. 'Ya'yanta dogaye ne, suna nuna da bazara. A cikinsu akwai gari mai zaƙi, wanda yara suke sha. Daga launin garin nan muka sami kalmar "ruwan ɗorawa". Ƙwayoyin da ke cikin garin su ne kalwa, da su ake yin daddawa. Ɓawon kuma ana jiƙa shi a yi makuba, a shafa wa daɓe don ya yi ƙarfi.

Ɗorawa ta biyu kifi ne, masunta Hausawa suka sa masa wannan suna. Yana da ɓawo manya-manya da ɗan gashin baki guda huɗu. Ana samunsa a kogin Binuwai, wanda ya ratsa Garwa, ya wuce Yola da Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja.

Me ya sa abu biyu suke da suna ɗaya? Mutanen da, in sun ga sabon abu, sai su duba abin da ya yi kama da shi cikin abubuwan da suka sani, su ara masa sunan. Haka aka sami giwan ruwa, babban kifin nan da ake ce wa capitaine da Faransanci. Yakan wuce kilo 100, shi ya sa aka kwatanta shi da giwa. Haka kuma muke cewa ƙaya: akwai ƙayar itace, akwai ƙayar kifi. Dukansu suna da tsini, dukansu suna suka.

Ba Hausa kaɗai ke yin haka ba. A Faransanci kalmar julienne sunan wani fure ne mai ƙanshi da ake shukawa a lambunan Turai. Sunan wani dogon kifi ne kuma na teku mai sanyi.

Don kada a riƙa ruɗewa, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linné ya tsara hanyar ba kowace shuka da kowace dabba suna mai kalma biyu da Latinanci. Littafinsa na shuke-shuke ya fito a 1753. A kan wannan tsari, sunan itaciyar ɗorawa Parkia biglobosa. Ba wata itaciya a duniya da ke da wannan suna sai ita.

Mu kula

Aron suna ba ya mai da abu biyu su zama ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Garba kifi kawai ya rasa. Amma da magani aka aike shi, ya kawo wani ganye dabam mai suna iri ɗaya, da abin ya fi haka muni. Saboda haka, in an aike ka ba ka gane sosai ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. In kai ne mai aike, ka faɗi magana cikakkiya.

Akwai wani abu kuma. Wasu mutane sukan daka ɓawon ɗorawa su zuba a ruwa don kifi ya bugu ya taso. Wannan mugun aiki ne, doka ta hana. Yana kashe manya da ƙanana gaba ɗaya, baɗi a rasa abin kamawa.

Sababbin kalmomi

itaciya: un arbre
kifi: un poisson
masunci: un pêcheur
kogi: un fleuve
ruwan ɗorawa: jaune
ƙayar itace: une épine
ƙayar kifi: une arête

Tambayoyi

1. Me Inna ta aiki Garba ya sayo? Me ya kawo mata?
2. Laifin wane ne, na Inna ko na Garba? Faɗi dalilinka.
3. Me Kaka take nufi da ta ce, "Ko yau ɗorawa muka ci"?
4. Kawo amfani uku na itaciyar ɗorawa.
5. Me ya sa aka hana zuba ɓawon ɗorawa a kogi?

Aikin gida

Ka tambayi wani masunci ko mai sayar da kifi sunayen kifi biyar. Ka rubuta su a littafinka. Ka ja layi a ƙarƙashin duk sunan da aka aro daga shuka ko daga dabba. In akwai wanda ya san sunayen da Fulatanci, ka rubuta su ma, ka kawo aji mu karanta tare.