HAƊA ASUSUN BANKI WURI GUDA: AMFANINSA DA HAƊARINSA GA SIRRIN MAI DUKIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Makarfi a lokacin kakar rake, ko ya tsaya wajen masu lodin tumatir a Ikara, ko ya ziyarci lambunan inabi na ƙasar Kudan, zai lura cewa yanayin ciniki ya sauya. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin Naira, akasarin manyan cinikayya ta waya ake biyan su. Sai ga mutum guda da asusu uku ko huɗu: ɗaya a banki, ɗaya ko biyu a kamfanonin ajiya na waya, wani kuma na bashin noma. Wannan ya sa aka samu manhajoji, wato tsare-tsaren da ake sakawa a waya, masu alƙawarin tattaro wa mutum dukkan asusunsa a fuska ɗaya don ya san adadin abin da ya mallaka. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda haɗin yake aiki, da inda haɗarinsa yake, da kuma yadda za a kauce masa.

Mene ne Jimillar Arziki?

Jimillar arziki ita ce abin da ya rage bayan an tara duk abin da mutum ya mallaka, an kuma cire bashin da ake bin sa. Alal misali, a ɗauka wani manomin rake a Hunƙuyi yana da Naira 400,000 a banki, da Naira 150,000 a asusun waya, yana bin dillalai Naira 600,000, shi kuma ana bin sa Naira 250,000 na taki. Jimillarsa ta kuɗi ita ce Naira 900,000. Sanin wannan adadi yana da amfani wajen tsara noman baɗi, da lissafin zakka, da kuma sauƙaƙa wa magada idan ta Allah ta kasance. Saboda haka buƙatar gaskiya ce. Abin dubawa shi ne irin farashin da ake biya kafin a biya ta.

An Riga An Haɗa

Ya kamata mai karatu ya sani cewa a Nijeriya an daɗe da ɗaure asusun kowa da igiya guda. A ranar 14 ga Fabrairu, 2014, Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ake ba mutum bayan an ɗauki zanen yatsunsa da hoton fuskarsa. Komai yawan bankunan da mutum ke hulɗa da su, lambarsa ɗaya ce. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, sannan a Disamba na 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa hatta ƙananan asusu da ɗaya daga cikin lambobin nan biyu.

Wannan haɗi ya rage buɗe asusu da sunayen ƙarya. Amma yana da wani sakamako da manoma da yawa ba su lura da shi ba. Tun daga watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar karɓar bashinsa daga asusun da mai cin bashi ke da shi a wani bankin daban, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar bashin, kuma ya kasa biya.

Izinin Gani da Miƙa Mabuɗi

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana lulluɓe da wata siririyar fata. Ba toshe take ba, domin da haka ne da ƙwayar ta mutu da yunwa. Ba kuma a wangale take ba, domin da haka ne da guba ta shige ta. Tana da ƙananan ƙofofi, kowace da abin da take bari ya wuce: wannan ta sukari, waccan ta gishiri. Da irin wannan ma'auni ya kamata a auna kowace manhaja da ke neman shiga asusun mutum, domin hanyoyin haɗin iri biyu ne.

Hanya ta farko ita ce manhajar ta nemi mutum ya rubuta mata sunan shiga da kalmar sirrinsa ta banki. Daga nan sai ta riƙa shiga a madadinsa tana kwafe abin da ta gani. Wannan tamkar mutum ne ya miƙa wa mai awo mabuɗin rumbunsa don ya ƙirga masa buhuna. Ko da mai awon amintacce ne, mabuɗin ya bar hannun mai shi, kuma duk wanda ya sace shi daga aljihun mai awo ya samu shiga.

Hanya ta biyu ita ce bankin da kansa ya buɗe wata ƙofa ta musamman. Mutum zai shiga shafin bankinsa, ya amince a nuna wa manhajar abu kaza na tsawon lokaci kaza. Manhajar ba ta ganin kalmar sirri, kuma ana iya janye izinin a kowane lokaci. Ingila ta soma aiki da wannan tsari a watan Janairu na 2018. A Nijeriya, Babban Banki ya fitar da tsarin dokarsa a Fabrairu na 2021, da ƙa'idojin aiwatarwa a Maris na 2023, kuma ginshiƙinsu shi ne yardar mai asusu.

Abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. A shekarar 2021 kamfanin Plaid, wanda ke haɗa manhajoji da bankuna, ya amince ya biya dala miliyan 58 don sasanta ƙarar da aka kai shi bisa zargin tara bayanan da suka wuce buƙata, ko da yake bai amsa laifi ba. Haka nan manhajar Mint, wadda ta soma aiki a 2007 kuma ta yi fice a wannan fanni, an rufe ta a 2024. Kamfani na iya mutuwa ko a sayar da shi, amma bayanan da ya tara ba sa mutuwa tare da shi sai an goge su.

Haɗari Uku

1. Mashaya ɗaya. Makiyaya sun san cewa idan garkuna da yawa suna shan ruwa a mashaya guda, dabba ɗaya mai cuta ta isa ta yaɗa annoba. A sha'anin kuɗi, mashayar ita ce layin waya. Ta nan alat ke shigowa, ta nan banki ke turo lambar wucin gadi ta tabbatar da ciniki, ta nan kuma ake tura kuɗi ba tare da intanet ba. Wanda ya tsinci sim ɗin da ba a kulle ba, danna *565*0# kawai zai yi ya ga lambar BVN ta mai shi. Ita lambar kaɗai ba ta fitar da kuɗi, amma da ita ɗan damfara ke kiran mutum ya karanto masa sunansa da ranar haihuwarsa, har ya yarda cewa daga banki ne, ya faɗi lambar sirri da bakinsa. Bugu da ƙari, layin da aka yi watanni ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar da shi ga wani, sai saƙonnin bankin tsohon mai shi su koma hannun baƙo.

2. Tonon asiri. Wasu kamfanoni kan ce suna cire sunan mutum kafin su yi amfani da bayanansa. A shekarar 2015 masu bincike na cibiyar MIT da ke Amurka suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan sayayyar mutum miliyan 1.1 ta tsawon wata uku, wadda aka cire wa sunaye. Sun gano cewa sanin wuri da ranar sayayya huɗu kacal ya isa a gane kashi 90 cikin 100 na mutanen. A ƙaramin gari abin ya fi sauƙi. Mutum nawa ne suka biya kuɗin taki a Zariya ranar Litinin, suka biya kuɗin asibiti a Makarfi ranar Alhamis? Tarihin asusu yana nuna rashin lafiyar mutum, da bashinsa, da waɗanda yake taimakawa, da ranar da ya sayar da amfanin gona. A zamanin da masu garkuwa da mutane ke neman sanin wa ke da kuɗi, wannan ya wuce batun kunya, ya zama na tsaron rai. An kuma ga yadda wasu manhajojin ba da bashi suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa 'yan'uwansa saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022.

3. Abin da ba ya sauyuwa. Zanen yatsa yana samuwa tun jariri na cikin mahaifa, kuma ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya nasu ya bambanta. Wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Idan an sace lambar sirri sai a sauya ta, amma yatsu goma ne, ba a kuma sake su. A 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga rumbun bayanan ma'aikatan gwamnatin Amurka. Don haka bai kamata mutum ya ɗora yatsansa a kan na'urar duk wanda ya zo ƙauye da sunan rajistar tallafi ba.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar kare bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba kowane mutum haƙƙin sanin bayanan da wani kamfani ya tara a kansa, da neman a gyara su ko a goge su, da janye yardarsa. Sai dai doka tana hukunci ne bayan ɓarna ta auku, rigakafi kuwa ya fi magani.

Matakan Kariya

1. A kulle sim da lambar sirri, ba waya kaɗai ba.
2. Kada a rubuta kalmar sirrin banki a ko'ina sai a manhajar bankin kansa.
3. Kada a faɗa wa kowa lambar wucin gadi ko ta kati. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya neman su.
4. A wurin masu POS, mutum ya danna lambarsa da hannunsa, yana kare ta.
5. Manhajar lissafi ba ta da buƙatar lambobin waya ko hotuna; idan ta nema, a ƙi.
6. Idan waya ta ɓata, ko layi ya ɗauke ba dalili, a sanar da banki da kamfanin layi nan take. Kowane banki yana da lambar rufe asusu. A rubuta ta a takarda tun kafin a buƙace ta.
7. A ajiye babban kuɗi a asusun da ba a haɗa shi da kowace manhaja ba.

Kammalawa

Mafi yawan arzikin mutanen Ikara da Makarfi da Kudan yana cikin gona da fadama, da shanun huɗa, da buhunan masara, da curin mazarƙwaila a ɗakin ajiya. Babu manhajar da ke ganin waɗannan, sai mai su ya rubuta da kansa. Ke nan, ga akasarin jama'a, littafi da alƙalami da zama na rabin sa'a a ƙarshen wata sun fi kowace manhaja ba da lissafi na gaskiya. Wanda kuwa harkarsa ta yi faɗin da sai ya haɗa asusunsa, to ya yi tambaya uku kafin ya danna amincewa: me za a gani, wa zai gani, kuma ta yaya za a rufe ƙofar? Idan bai samu gamsasshiyar amsa ba, ya tuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.