Yadda Ake Bambance Jan-baki da Makamantansa

Da damina ba wuya. Namijin mulufi ja wur yake, zalaiɗu na jan doguwar wutsiyarsa, jan-baki kuma fuskarsa baƙa ce. Amma da zarar rani ya shigo sai mazan su zubar da adon, kowa ya koma ruwan ƙasa, har mutum ya kira su duka gwara. Ga manomin dawa da shinkafa wannan kuskure ne mai tsada, domin jan-baki ne ke cinye gona.

Ka fita da sassafe zuwa bakin ruwa ko masussuka, irin na fadamun Haɗeja da Nguru. Ka zauna rana na bayanka, kada ka motsa, sai tsuntsayen sun saki jiki sun sauko. Ka zaɓi tsuntsu ɗaya ka kafa masa ido. Mai kallon garke duka ba ya ganin komai.

Baki za ka fara dubawa. Na jan-baki gajere ne mai kauri, ja kamar an tsoma shi a lalle, sai dai na macen kan koma rawaya lokacin yin ƙwai. Na mulufi da rani fari-fari ne, wutsiyarsa kuma guntuwa ce.

To, a nan ne zalaiɗu ke ruɗa mutane, domin akwai irinsa mai jan baki. Sai ka koma kan kai. Zalaiɗu na da zane baƙi da fari a ka, raɗau, kamar an ja da alƙalami. Jan-baki kuwa ɗan farin layi kawai gare shi a saman ido. Ka lura da ƙafafu ma: zalaiɗu kan yi ɗan tsalle da baya yana tonon ƙasa kafin ya tsinci ƙwaya. Ni wannan tonon ne ya fi burge ni, kuma ba ya ƙarya.

Gwara mai sauƙi ne: kai ruwan toka, baya ja-ja ba zane, galibi yana kusa da gidaje.

Daga ƙarshe ka jira su tashi. Jan-baki, wanda tsawonsa kimanin santimita 12 ne, yakan tashi dubbai a tare, su murɗa kamar hayaƙi. In ka ga haka kusa da gonarka, ka gaggauta sanar da malamin gona.