Darasi: Koya wa Ɗaliban Aikin Haƙori Rigakafi

Yawancin mutane ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci. A lokacin nan, sau da yawa haƙorin ya riga ya lalace, babu abin yi sai cirewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma mafi yawansu ana iya hana su aukuwa. Saboda haka ɗalibin da ya iya cire haƙori amma bai iya koya wa mai jinya kula da bakinsa ba, rabin aikin ya koya. Wannan darasi domin malamai ne da ɗalibai, da ma'aikatan lafiya na ƙauye.

Yadda haƙori ke ruɓewa

Kullum wata dauɗa mai yauƙi tana taruwa a jikin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Idan an sha sukari, ƙwayoyin nan sai su mai da shi tsami, tsamin kuma ya riƙa cin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Yawu yana gyara ɓarnar, amma yana bukatar lokaci. Yaron da ke tsotsar alewa daga safe zuwa yamma ba ya ba yawunsa sararin yin gyara. Dauɗar da ta kwana a gindin haƙori kuma ita ce ke kumbura dasashi har ya riƙa jini.

Abin da mai jinya zai tafi gida da shi

• A goge baki sau 2 a rana, minti 2 kowane karo. Na dare kafin barci shi ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan mutum yana barci.
• A yi amfani da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Bayan gogewa a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna a haƙori.
• Yaron da bai kai shekara 3 ba, man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya ishe shi. Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Babba ya taimaka masa har ya kai shekara 7.
• Asuwaki yana cire dauɗa sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje.
• A rage sukari a shayi, koko da kunu. Lemon kwalba da alewa a haɗa su da lokacin cin abinci.
• Haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32. Turmin farko na girma yana fitowa a can baya wajen shekara 6, ba tare da famfara ba. Iyaye da yawa suna zaton zai faɗi wani ya fito, sai su bar shi ya ruɓe.

Yadda ake koyarwa

Gani ya kori ji. Ɗalibi ya fara da tambaya: "Baba, da me kake goge baki?" ko "Inna, sau nawa yaron nan ke shan zaƙi a rana?" Sa'an nan ya ba mutum madubi ya ga dauɗar da idonsa. Ya nuna masa gogewa, ya miƙa masa buroshi ko asuwaki ya gwada a gabansa. A ƙarshe ya roƙe shi ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Kada a yi faɗa, kada a kunyata kowa. A zaɓi canji guda ɗaya da mutum zai iya yi a makon nan, a duba shi idan ya dawo. Kafin su fita ƙauye, ɗalibai su gwada wannan a junansu bibbiyu, ɗaya likita ɗaya mai jinya.

Alamun da ba a jira

Zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi a jikin jariri ba aikin fitowar haƙori ba ne, a kai shi asibiti. Kada a sa garin taba ko ruwan batir a kogon haƙori. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda ya rame, musamman bayan ƙyanda, idan dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya kumbura, a yi gaggawa. Wannan na iya zama cutar noma mai zaizaye fuska. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita idan an fara da wuri, amma tana kashe yawancin yaran da ba su sami magani ba. Akwai asibitin wannan cuta a Sakkwato tun 1999, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me mutanen yankinku ke yi idan haƙori ya kama su? Wanne ne ke taimako, wanne ke cutarwa?
2. Me za ku faɗa wa iyalin da ba su da kuɗin man goge baki?
3. Su wane ne a garinku za su iya kai saƙon nan gida-gida: ungozoma, malaman makaranta, ko ƙungiyar mata?