Yaushe 'Yan Tsaki Za Su Koma Akurki?

Wata baiwar Allah daga wajen Dambatta tana tambaya: yaushe za ta fitar da 'yan tsakinta daga ɗaki zuwa akurki?

Ta dakata sai gashinsu ya fito sosai, wato wajen mako 6. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, musamman a hunturu, shi ya sa matan ƙauye ke ajiye kaskon garwashi kusa da su da dare. Idan 'yan tsakin sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi ne. Idan sun watse suna haki, wuta ta yi yawa.

Ta fara fitar da su da hantsi, a ƙarƙashin kwando, saboda shirwa ba ta barci a gonakin da ke manne da gidaje. Akurkin ya zama a tudu, a zuba toka, a toshe ramin ɓera. Ban da tsakin gero da dusa, ta riƙa tono musu gara.

Kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa, a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da su. Rigakafin cutar kaji da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi ma, ta nemi malamin dabbobi ya ɗiga musu a ido.