Amsar Tambaya: Dabbar Da Take Tserewa

Ɗana, ka tambaya yadda za ka kama Raikou a wasan Pokémon Gold, wanda ya fito a Japan a 1999, alhali kullum tserewa yake yi. Maganinsa dabarar nan mai suna Mean Look, wadda idan Pokémon ɗinka Haunter ya riga abokin karawarsa motsawa ya kafa masa ido, babu sauran damar gudu muddin Haunter bai bar fagen ba. Amma fa, wallahi, kada ka sakankance, domin Raikou yana da Roar, rurin da ke kawo ƙarshen faɗan nan take. Saboda haka ka bi shi da Hypnosis ya yi barci. Ko da ya kuɓuce maka, raunin da ka yi masa ba ya warkewa kafin ku sake haɗuwa, don haka ka yi haƙuri, ka ci gaba da bibiyarsa.