Kalmomin Turanci: A Kama Su Ta Saiwa, A Riƙe Su Da Tilawa

Darasin yau na ɗalibanmu na sakandare ne, musamman 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da iyayen da ke bibiyar karatun 'ya'yansu.

A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ake yi, 60 daga ciki na Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa. A ganina abin da ya fi kayar da yaranmu a nan shi ne ƙarancin kalmomi. Yaro zai karanta tambaya, kalma ɗaya ta tsaya masa a wuya, shi ke nan sai canki-canka. Wasu kuma sai jarrabawa ta ƙarato su rungumi ƙamus wai za su haddace. Haba ɗana, wa ya taɓa haddace ƙamus a wata guda?

To ga hanya, kuma ba baƙuwa ba ce a wajenku. Duk wanda ya taɓa sarfu a Islamiyya ya san daga kaf da ta da ba ake fitar da kitabu da katibu da maktaba. Saiwa ɗaya, 'ya'ya da yawa. Turanci ma yana da irin wannan, domin kalmominsa masu yawa daga Latin da Girkanci suka fito. Ɗauki "port", asalinta ɗauka. Ka ga "import" shigo da kaya, "export" fitar da su, "transport" kai su wani wuri, "porter" ɗan dako, "portable" abin da ake iya ɗauka. Ka kama guda, ka samu biyar. Haka "re" a farkon kalma tana yawan nuna maimaici, "less" a ƙarshe tana nuna rashi.

Amma fa a yi hattara, ƙa'idar tana da tarko. "Priceless" ba abu marar daraja ba ne, abu ne da ya fi ƙarfin a sa masa farashi. Haka "invaluable". Masu tsara tambayoyin kishiyar kalma suna son irin waɗannan. Saboda haka in ka yi hasashe da saiwa, leƙa ƙamus ka tabbatar.

Sai riƙewa, wadda ita ce wahalar. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma bita ce ke rage ta. Malaman allo sun riga shi sani, shi ya sa ba a ƙara wa almajiri sai ya biya na baya. Ka sami ƙaramin littafi, kalma biyar kacal a rana. Kowacce ka rubuta ma'anarta, ka sa ta a jimlar da kai ka ƙirƙira. Ka duba ta gobe, bayan kwana uku, sannan bayan mako. Kwana 200 a haka kalma 1,000 ke nan.

Ina za a samo kalmomin? Tambayoyin shekarun baya, da jarida irin Daily Trust, da littafin da JAMB ta sa a karanta. Mai intanet ya nemi jerin kalmomin karatu da Averil Coxhead ta fitar a 2000, iyalan kalmomi 570 ne. Iyaye kuma, ko ba ku jin Turanci, ku karɓi littafin nan bayan Isha'i ku ce yaro ya biya muku na jiya.