Kafin Ka Nemi Gefe, Tace Hoton

Saura sati uku in kare aikina na kammala difloma, kwamfuta ta so ta kunyata ni. Aikin shi ne gano tsagewar bango daga hoto. Na ɗauki bangon ɗakinmu da waya bayan magariba, na saka a manhajar da na rubuta, sai ga allo cike da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Tsagewar kuwa, ko alamarta. Malamin da ke duba aikina ya leƙo ya ce, "Ka tace hoton kuwa?" Ban tace ba.

Ga abin da ban fahimta ba a lokacin. A hoton fari da baƙi, kowane ɗigo lamba ce daga 0 zuwa 255. Kwamfuta ba ta san bango ba. Abin da take kira gefe shi ne wurin da lamba ta yi tsalle tsakanin ɗigo da maƙwabcinsa, kuma wannan tsallen dabarar Sobel ke aunawa da akwati mai gida uku-uku. To, dattin da kyamara ke haifarwa idan haske ya yi ƙaranci, shi ma tsalle ne. Ta yaya za ta bambance?

Ɗauki gidaje tara: 50, 52, 49, 51, 255, 50, 48, 53, 51. Wannan 255 ɗin datti ne. Idan ka tara su ka raba tara, za ka samu kusan 73, wato ka shafa wa kowa dattin. Amma jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya: 51. Datti ya tafi. Irin wannan ɗigon, matatar tsakiya ce maganinsa. Dusu-dusun da ya bazu ko'ina kuwa, sai matatar Gauss.

Dabarar da John Canny ya wallafa a 1986 da tacewa take farawa, sannan ta sirantar da layi, ta sa ma'auni biyu: gefe mai ƙarfi ya wuce, mai rauni kuma sai in yana manne da mai ƙarfi. Masu amfani da OpenCV, ku kula, Canny ɗin cikinta ba ya yi muku tacewar Gauss, ku za ku yi da kanku.

Ni da na gane, sai na zarce. Na tace hoton har siririyar tsagewar ta narke tare da dattin. Sai da na rage akwatin zuwa biyar-biyar, na sake ɗaukar bangon da hantsi, sannan ta fito.